Tsayuwa, Kafi da Gini: Tarihin Wasu Kalmomin Ingilishi da Takwarorinsu a Hausar Gure

Duk matafiyin da ya iso Gure ta babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Difa, a tasha zai sauka. Idan aka tambayi yaran mota dalilin wannan suna, amsar da za ta fi saurin zuwa ita ce, ai nan ne motoci suke tashi. Amsar tana da daɗin ji, sai dai tarihi bai goyi bayanta ba. *Tasha* ararriyar kalma ce daga *station* ta Ingilishi, ita kuma ta fito daga *statio* ta Latin, wadda ke nufin tsayuwa ko wurin tsayawa. Watau sunan da Bature ya raɗa saboda tsayawa, kunnen Bahaushe ya karɓe shi yana jin tashi a ciki.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun kalmomin Ingilishi da suka shafi tsayuwa da gini, a ga inda suka fito da yadda ma'anarsu ta yaɗu har ta kai ga sha'anin mulki, sa'an nan a gwada su da abin da Hausa take da shi. Al'amarin ya wuce sha'awar masana. Tun daga 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, masu fassara suke fama da kalmomin doka da na hukuma. A watan Maris na 2025 kuma dokar da aka kira *Charte de la Refondation* ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ta mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Galibin kalmomin da irin waɗannan takardu suka dogara a kansu, a can asali, kalmomin magina ne da na masu kafa shinge.

Dalilin zaɓen Gure

Gure tana kimanin kilomita 170 gabas da Damagaram, a ƙasar Muniyo, ƙasar duwatsu da tuddan rairayi da kwaruruka masu goriba da dabino. Asalinta garin Mangawa ne masu magana da wani kari na Barbarci, kuma sarkinta, Muniyoma, yana bin Shehun Barno. Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo ta nan a watan Disamba na 1852, a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Ya tarar da Muniyoma Koso, wanda ya ɗauke mazaunin sarauta daga Bune ya kawo shi Gure. Ya yaba ingancin ginin fadar sarkin, ya kuma ambaci shingayen da aka kewaye garin da su don tsaro. Daga baya, a zamanin Sarki Tanimun, Muniyo ta koma hannun Damagaram. Faransawa suka ci Damagaram a 1899, Gure ta zama mazaunin kumandan, sa'an nan ayarin Kyaftin Tilho ya yi aikin shata iyaka tsakanin yankin Faransa da na Ingila daga 1906 zuwa 1909.

Hausa ta samu gindin zama a wannan yanki ta hanyar kasuwa, musamman fataucin kanwa da gishirin mangul da manda. Saboda haka Hausar da ake ji a Gure ta haɗa kafaɗa da Barbarci a gida, da Larabci a makarantar allo, da Faransanci a ofis, da kuma Ingilishi wanda yake shigowa daga kudu a bakin direbobi da 'yan ci-rani. A wuri irin wannan ana iya ganin kalmomi sun hau kan juna sahu-sahu, kamar yadda suka yi a Ingilishi shi kansa.

Saiwar tsayuwa

A 1786 William Jones ya bayyana a Kalkata cewa Sanskirit da Girkanci da Latin daga tushe ɗaya suka fito. Binciken da ya biyo baya ya tono saiwoyi da yawa na wannan dangin harsuna, kuma kaɗan ne a cikinsu suka yi yawan 'ya'ya kamar wadda ake rubutawa *sta*, mai ma'anar tsayuwa. Ita ce a cikin *stare* ta Latin, da *histanai* ta Girkanci, da *-stan* ta Farisanci wadda ake gani a ƙarshen sunayen Pakistan da Afganistan, watau matsayar mutane kaza.

Ta ƙofa uku wannan saiwa ta shiga Ingilishi. Ta farko gado ne, wanda ƙabilun Angil da Sakson suka ƙetara da shi zuwa Ingila a ƙarni na 5: *stand*, tsaya, *stead*, gurbi, *steady*, abin da ba ya rawa, *stool*, kujera 'yar tsugunno, har da *understand*, fahimta. Ta biyu ta buɗe ne bayan 1066, sa'ad da Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila, harshensu ya zama na fada da na kotu har tsawon ƙarni biyu ko fiye. A nan ne aka samu *state* da *estate* da *stable* da *establish* da *stage*. Ta uku ita ce ta malamai, waɗanda suka riƙa ɗauko kalmomi kai-tsaye daga littattafan Latin da na Girkanci, irin su *status* da *institute* da *system*. Mai karatu zai lura cewa kalmomin gado sun tsaya kusa da jiki da kayan ɗaki, ararrun kuwa su suka hau karagar mulki. *Statute*, doka, abin da aka tsayar ne. *Constitution*, wanda ake fassarawa da kundin tsarin mulki, asalinsa tsayar da abubuwa tare. *État* ta Faransanci da *state* ta Ingilishi kalma ɗaya ce, ma'anarta ta fari kuwa yadda abu yake tsaye, daga nan halin da ƙasa take ciki, daga nan hukumar da ke riƙe da ita. Wannan ma'ana ta ƙarshe ba ta zauna sosai ba sai a ƙarni na 16.

Hausa ta amshi wasu daga cikin 'ya'yan wannan saiwa ba tare da ta san 'yan'uwan juna ne ba. Ban da *tasha* akwai *sito*, daga *store*, wadda ta fito daga *instaurare* ta Latin, sake tayar da abu. Kalmomin biyu sun nuna hanyoyi biyu da Hausa take bi da baƙaƙen da suka cunkushe a farkon kalma: a *tasha* an yar da *s*, a *sito* an cusa wasali a tsakani. A Nijar an fi jin *mangaza* a madadin *sito*, daga *magasin* ta Faransanci, ita kuma asalinta *makhazin* ta Larabci, ɗakunan ajiya. Gidan bene kuma, wanda ma'aikaci a Gure zai iya kiransa da *étage*, shi ma daga *stare* sunansa ya fito.

Ya kamata a yi hattara da wani tarko a nan. Kamannin da ke tsakanin *tsaya* da *stare* dace ne kawai. Hausa tana cikin harsunan Cadi, reshen babban dangin da ya haɗa da Larabci da Buzanci da tsohon harshen Masar, ba ta da haɗin jini da Latin. Abin da ya yi kama shi ne hanyar tunani. Daga *tsaya* aka samu *tsaye* da *tsayuwa* da *tsayayye* da *tsaiko*, aka samu *matsayi*, wanda ya yi daidai da *status* ƙafa da ƙafa. Ana tsai da shawara, ana tsai da ranar biki, ana tsai da ɗan takara. Mutum yakan tsaya wa ɗan'uwansa a gaban alƙali. Wata yakan tsaya. Larabci ya bi wannan hanya da saiwarsa ta *ƙama*, ya tsaya, wadda ta ba Hausa *muƙami* da *iƙama* da *istiƙama* da *alƙiyama*, ta kuma ba ta *ƙima*. Abin sha'awa, *cost* ta Ingilishi, kuɗin abu, daga *constare* ta fito, watau inda abu ya tsaya, daidai da *ƙima*. A nan Hausa ta saɓa musu duka biyu, domin a kasuwar Gure cewa ake yi kayan sun tashi jaka biyar.

Miƙewa da kafi

Wata saiwa ta dabam ita ce ta *erect*, tayar da abu ya miƙe. Ta fito daga *regere* ta Latin, miƙar da abu, bi da shi a kan layi, kuma wannan aikatau shi ne na mulki: *rex*, sarki, ɗan'uwansa ne, haka *direct* da *correct*. *Right* ta gado, wadda ke cikin *upright*, daga nan take, shi ya sa ta haɗa miƙaƙƙe da dama da gaskiya da hakki. Bahaushe ma yakan ce mutum miƙaƙƙe ne, ko al'amura sun miƙe, amma bai ɗauko sunan sarauta daga nan ba.

Kalmar da Hausa ta ɗora wa wannan nauyi ita ce *kafa*. Asalinta cusa abu mai tsini a ƙasa ya tsaya: a kafa dirka, a kafa turke, a kafa tuta. Daga nan aka kafa rumfa da bukka, aka kafa gari, aka kafa daula, yau kuma ana kafa doka da kwamiti da hujja. (Ba ta da alaƙa da *ƙafa* ta tafiya. Tsofaffin takardun da aka buga ba tare da ƙugiya ba su suka sa wasu suke haɗa su.) Sunan aikin, *kafi*, shi ne shingen itatuwan da ake kewaye gari da shi, ya kuma zama sunan garuruwa: Kafin Hausa, Kafin Madaki, da Kafi wadda Turawa suka rubuta Keffi. Shingayen da Barth ya gani a Gure irin wannan tsaro ne, kuma shi ya dace da ƙasar da rairayi ya fi yumɓu yawa.

Ingilishi yana da labari mai kama da wannan, sai dai ya ɓoyu. *Wall*, bango, aro ce daga *vallum* ta Latin, shingen tsinannun itatuwa da sojojin Rum suke kafawa a kan tudun ƙasar da suka haƙo kewaye da sansani. *Town*, gari, asalinta shinge; a Jamusanci har yau *Zaun* shinge take nufi. Ashe mutumin Landan da na Kafin Hausa da abu ɗaya suka raɗa wa gari suna. *Birni* kuwa, wanda ya ɗara kafi daraja saboda ganuwarsa ta ƙasa, kalma ce da Hausa da Barbarci suka yi tarayya a kanta, haka ma *soro*. Babban birnin Barno na da, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, Birnin Gazargamu ake ce masa. Joseph Greenberg ya nuna a 1960 cewa Hausa ta ari kalmomi masu nauyi daga Barbarci, irin su *kasuwa* da *rubutu* da *karatu* da sarautu kamar *galadima* da *ciroma*. Muniyo da Damagaram suna kan hanyar da irin wannan aro ya biyo.

Gini

A nan ne harsunan suka fi rabuwa, domin kowane ya ɗauko kalmar gini daga abin da hannun mutanensa ya saba taɓawa. A tsohon Ingilishi aikatau na yau da kullum shi ne *timbran*, ɗan'uwan *timber*, katako, saboda da itace suke gini. *Build* ta zo ta ture shi daga baya. Ita daga *bold* ta fito, mazauni, don haka ma'anarta ta fari yin wurin zama. Latin ya ba da wasu biyu. *Aedificare*, uwar *edifice* da *edify*, yin *aedes* ne, ɗaki ko wurin ibada, kalmar da masana suke dangantawa da murhu. *Struere* kuwa jera abu a kan abu ne, sahu bisa sahu. Ita ta haifi *structure* da *construct* da *destroy*, har da *instruct*, koyarwa, kamar dai malami yana jera tubali ne a cikin kan ɗalibi.

*Gina* ta Hausa ba ta san itace ba, ƙasa ta sani. Ana gina ɗaki, ana gina tukunya, ana kuma gina rami da rijiya, kamar yadda karin maganar nan ta ramin mugunta ta tabbatar. A Hausar Nijar wannan ma'ana ta haƙa tana nan da ranta ƙwarai. Wanda bai san aikin ba zai yi mamakin yadda kalma ɗaya ta haɗa tonawa ƙasa da tayarwa sama, amma magini ba zai yi ba. Kowane bango daga rami ya fito. A haƙo ƙasa, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu, a mulmula tubali, rana ta busar, sa'an nan a jera. Kududdufan da ke cikin birnin Kano da sauran tsofaffin birane su ne ramukan da gidajen suka fito daga ciki. Shi ya sa bukkar kara da zana, wadda ta yawaita a ƙauyukan Muniyo, ba a cika cewa an gina ta ba. Kafa ta ake yi, a ɗaura tanka, a baibaye. Makiyayan da ke kewayen Gure, Fulani da Buzaye da Tubawa, su ma kafawa suke yi su tuge idan tashi ya zo. Ingilishi yana da ɗan abin da ya yi kama da wannan a *ditch* da *dike*, waɗanda asalinsu kalma ɗaya ce mai nufin ramin da kuma tudun ƙasar da aka fitar daga cikinsa.

Dangin harsunan Ingilishi ma suna da tsohuwar saiwa ta kwaɓa yumɓu, kuma tafiyarta ta kai har cikin Hausa. Ita ce a *dough*, kwaɓaɓɓen gari, da *figulus* ta Latin, maginin tukwane, da *teichos* ta Girkanci, ganuwa. A tsohon harshen Farisa an ce *pairi-daeza*, wurin da aka kewaye da bango, watau lambun sarki. Girkawa suka ara, daga gare su Turai ta samu *paradise*; Larabci kuma yana da *firdaus*, wadda malaman tafsiri na farko irin su Mujahid suka ce lambu take nufi a harshen Rumawa. *Firdausi* ta Hausa ke nan.

*Tubali* ma ana danganta ta da *tub* ta Larabci, wadda Larabawa suka gada daga Ƙibɗawan Masar, su kuma daga harshen Fir'aunoni. Wannan kalma ce ta bi ta Andalus ta zama *adobe* a Sifaniyanci, ta ƙetara Amurka, ta shiga Ingilishi. Sauran kalmomin sana'ar kuwa, azara da bakan gizo da ɗaurin guga da tulluwa da zanko da indararo da makuba, su ne na zamanin Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim (1834–1846), kuma su ne aka gina gidajen unguwar Birni ta Damagaram da su.

Sahun ƙarshe ya zo da siminti. *Caementum* a Latin tsakuwar da aka faso daga dutse ce. Irin simintin da aka sani yanzu Joseph Aspdin ne ya yi masa rajista a Ingila a 1824, kuma a shekarun 1960 aka fara yin sa a Malbaza da Sakkwato. A nan iyakar da Tilho ya shata ta raba bakin magina biyu. A kudu ana cewa *siminti* da *bulo* da *birkila* da *kwano*. A arewa ana jin *sima* da *maso* da *tol*, daga *ciment* da *maçon* da *tôle*. Magini a Gure wanda ya yi ci-rani a Nguru ko Kano yakan san duka biyu, ya zaɓi wadda mai gida zai gane.

Inda fassara take tuntuɓe

Babban bambancin da mai fassara ya kamata ya riƙe shi ne wannan: Latin da 'ya'yansa sun ajiye ɗorewa a tsayuwa, Hausa kuwa ta ajiye ta a zama. *Stable* da *constant* da *stabilité* yabo ne, abin da ya tsaya bai faɗi ba. A Hausa *tsaya* tana da fuska ta biyu, ta yankewar tafiya. Idan aka ce kasuwa ta tsaya, ko al'amuran ƙasa sun tsaya, ko aiki ya samu tsaiko, ba albishir aka yi ba. Abin da ake roƙo shi ne zaman lafiya, ƙasa ta zauna, abu ya zauna da gindinsa. Wanda yake tsaye a ƙofar gida baƙo ne ko mai sauri. Mai gida a zaune yake, sarki ma a zaune yake yin hukunci. Larabci ya ƙarfafa wannan ɓangare da *majalisa*, daga *jalasa*, ya zauna, da *ƙa'ida*, daga *ƙa'ada*, wadda a asali gindin gini take nufi. Saboda haka wanda ya fassara *stabilité politique* da tsayuwar siyasa ya kusa faɗin kishiyar abin da ake nufi. Zaunuwar al'amuran siyasa ko kwanciyar hankali su suka fi kusa. Haka kuma *tsari*, wadda ake amfani da ita a madadin *system* da *structure*, daga *tsara* take, jera abubuwa a kan layi, ba ta da haɗi da *tsaya*. Zaɓenta ya yi kyau, domin ta yi daidai da *struere*.

*Gina ƙasa* da *gina al'umma* da *abinci mai gina jiki* maganganu ne da rediyo da makaranta suka yaɗa, suna bin sawun Ingilishi da Faransanci, kuma sun riga sun zauna. Amma *refondation* ta 2025 ta fi su wuya. Tushenta *fundus* ne na Latin, gindi ko ƙasan abu, kuma Hausa tana da hanyoyi da dama na faɗinta, kowace da abin da take jawowa. *Sake gini* yana sa mai ji ya ɗauka an rushe na da. *Sake kafawa* yana tuna masa da barin kufai a koma sabon wuri, kamar yadda Koso ya bar Bune ya koma Gure. *Sabon harsashi* ya fi kusa da kalmar Faransancin, haka ma *sake assasawa*, wadda ta fi daɗi a kunnen malaman Arabiyya. Akwai kuma *yaɓe*, aikin da mai gidan ƙasa yake yi kafin damina, ya cike tsaga ya gyara indararo, bangon kakansa yana nan inda yake. Ita wannan kalma *réforme* ta fi dacewa da ita.